Keken da Aka Cire wa Kujera

Da yayana ya karɓi kuɗin sallamarsa daga aikin gwamnati, abin da ya fara saya keken haya ne mai ƙafa uku, sabo fil, ko ledar kujerar ba a ɓare ba. Ba wa kansa ya saya ba. Babban ɗansa ya saya wa, wanda ya gama difloma ya yi ta zagaya ofisoshi da takardu har takalminsa ya cinye, aiki bai samu ba. Ni ce gwaggon yaron. Ina ce masa yaro ne don a gabana aka yanke masa cibi, amma a lokacin ya kusa shekara talatin, da gemunsa da komai.

Duk mai keke a Bauchi ya san inda kwanciyar hankali take, wato ɗaukar 'yan makaranta. Iyaye za su yi magana da kai, ka zo da safe ka kwashi yara, ka dawo da su in an tashi, da yamma ka kai su Islamiyya, ƙarshen wata a sallame ka. Babu yawon neman fasinja cikin rana, babu cacar baki a kan canji. Sai dai iyaye ba sa ba da 'ya'yansu sai ga wanda suka san gidansu. Yayana kuwa a Ɗan Iya ya tsufa, shi ke raba rigimar maƙwabta, a hannunsa makullin masallacin layinsu yake. Tun kafin a yi wa keken lamba, gidaje sun riga sun kama wuri. Har da 'yata da ke aure a unguwar, ta ce in an koma makaranta bayan dogon hutu, jikokina biyu su ma a keken kawunsu za su riƙa tafiya. Yaya ya amsa wa kowa ba tare da ya tambayi mai keken ba.

Sai yaron ya ce shi ba zai ɗauki 'yan makaranta ba.

Yaya ya bugo mini waya ya ce, "Ki zo ki ji ɗanki, ni ya fi ƙarfina." Na yafa mayafi na tafi. Ni ba na iya tauna magana, duk dangi sun sani, shi ya sa ma aka kira ni. Na wanke shi tas a gaban ubansa. Na ce girman kan boko ne ke damunsa, na ce mutumin da bai da ko sisi ba ya zaɓen aiki. Kansa a ƙasa ya ce zai ɗauki manya, zai ɗauki kaya, amma ban da yara.

Na ce, "Yaran cizo suke yi?"

Ya ce, "Ki yi haƙuri, Gwaggo."

Wata ranar Alhamis bayan La'asar sai ga shi a gidana a Gwallameji. Maigidana ya fita ta'aziyya, ina zaune a tsakar gida ina tsinkar zogale a tire. Na nuna masa kujera, ya ƙi, ya zauna a ƙasa can bakin ƙofar kicin. Ya ce ya zo wurina ne saboda ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma in na ji na kore shi ba zai ga laifina ba.

Na ce, "Ciki ka yi wa wata?"

Ya ce, "Da ma shi ne, Gwaggo."

Na ajiye tiren na ce ya yi magana.

"Abin da ya kamata namiji ya ji game da mace baliga," in ji shi, "ni game da ƙananan yara yake zuwar mini. Tun ina sakandare. Ban kira shi ba, ba na son sa, ya kuma ƙi tafiya. Wallahi tallahi ban taɓa kai hannuna jikin ɗan kowa ba. Amma ba zan yarda a zuba mini yara a bayan keke ba, ni kaɗai da su, kullum safe da yamma."

Ya kamata in faɗi ko ni wace ce a cikin wannan magana. Yawancin shekarun aikina a sashen yara na yi su kafin in yi ritaya. Na karɓi yara, mata da maza, da aka kawo a naɗe cikin zanin uwa, uwar tana rantsuwa wai faɗuwa suka yi, alhali ni da ita mun san ba faɗuwa ba ce. Na ga yadda yarinya mai surutu ke komawa ta daina magana. Ba zan kwatanta fiye da haka ba. Saboda haka abin da na fara ji game da ɗan yayana ƙyama ce, ba zan ɓoye ba. Na kalli hannuwansa na ji kamar in kwaɗa masa tiren nan a ka.

Maimakon haka sai aikina ya taso mini. Na shiga yi masa tambayoyi ɗaya bayan ɗaya kamar yadda muke yi wa wanda ya kawo mara lafiya. Ka taɓa taɓa wani yaro? Ka taɓa keɓewa da wani? Jikokina fa, da suke shiga gidanku kamar gidansu? Ya rantse, ya sake rantsewa, hawaye na zuba a gemunsa. Na ce masa ya buɗe kunne ya ji: ranar da na gano ya cuci ɗan wani, ni da ƙafata zan kai shi wurin 'yan sanda, ba zan jira ubansa ba. Ya ce ya yarda.

Sannan ya faɗa mini abin da ya gwada. Azumin Litinin da Alhamis. Rubutu, har cikinsa ya gaji. Ya je wurin mai ruƙiyya ya kasa faɗin abin da ya kai shi, ya ce ciwon kai ne. Na tuna wani aikin koyarwa da aka samo masa a wata firamare mai zaman kanta, bai daɗe ba ya ajiye, muka taru muka zage shi a kan rago ne. Ashe wannan ne. Ya share fuska da hannun riga ya ce, "Gwaggo, mene ne sunan abin nan da ke damuna?"

Sunaye ina da su da yawa, na sha furta su a bakin aiki da iya ƙarfina. Mai fyaɗe. Mai lalata yara. Ɗan iska, la'ananne. Amma duk sunayen wanda ya riga ya aikata ne. Wanda ke zaune a ƙasan kicin ɗina yana gudun aikatawa, Hausar da na sani ba ta ba ni sunansa ba. Na ce masa ya dawo da safe, akwai wanda za mu gani.

Wanda na kai shi wurinsa likitan ƙwaƙwalwa ne da muka yi aiki a asibiti ɗaya. Mutumin kudancin jihar nan ne, Hausarsa irin wadda ba ruwanta da namiji ko mace, amma in ya yi maka bayani sai ka gane. Ya daɗe da yaron a ciki, sannan da izinin yaron ya kira ni. Ya ce a littattafansu abin yana da suna, wata doguwar kalma ta Turanci, kuma suna lissafa shi cikin larurorin ƙwaƙwalwa. Ya ce su kansu likitoci ba bakinsu ɗaya ba. Wasu na ganin in ba a kira shi larura ba, babu mai irinsa da zai tako asibiti, sai dai a gan shi bayan ya yi ɓarna. Wasu na tsoron in aka kira shi larura, an miƙa wa azzalumai abin fakewa.

Na ce, "To kai fa, likita, me ka ce?"

Ya ce shi ya raba abin biyu. Abin da ke zuwa a zuciya larura ce, mutum bai zaɓa ba. Kai hannu ga yaro kuwa laifi ne, mutum ne ke zaɓa, kuma babu takardar asibitin da za ta wanke shi. Ya ce kada mu sa ran warkewa irin ta zazzaɓi, a sha magani a miƙe. Abin da ake yi shi ne a koya wa mutum riƙe kansa, ya riƙa zuwa ana ganinsa, wani lokaci a haɗa da magani. Kuma akwai sharuɗɗa da babu sassauci a cikinsu: ba zai keɓe da yaro ba, ba zai yi aikin da ya shafi yara ba, sannan dole a samu manya a gida da suka sani suna sa ido. Da na ambaci maganar keken, ya cire tabarau ya ce, "Sista, wannan kam ko kusa."

Daga asibiti na tambayi yaron ko ya yarda in faɗa wa maigidana, tunda jikoki na kwana a gidanmu. Ya ce in faɗa. Maigidana tsohon magatakardan kotu ne, ya ƙare aikinsa yana jin yadda lauyoyi ke wanke baƙi ya koma fari. Ina kaiwa ga kalmar larura ya ture kwanon abinci.

"Larura? Ke ma kin shiga sahunsu? Gobe kowane ɗan iska zai shigo kotu da katin asibiti a aljihu, ya ce ba shi ba ne, ciwo ne. Yarinyar da aka cuta fa, ita wane suna za ki ba ta?"

Na ce, "Haba Malam, ni za ka gaya wa yarinyar da aka cuta? Kai a takarda ka gan ta, ni a hannuna na riƙe ta."

Ya ce shi ya sa ma yake mamakina. Ya ce mai ciwon suga ana tausaya masa, mai farfaɗiya ana tausaya masa, yanzu kuma ina so a sa wannan a layinsu a ci mutuncin masu ciwon gaskiya. Na ce ban nemi a tausaya wa kowa ba, na nemi a tsare yara ne, kuma wanda ya kawo kansa tun kafin ya yi ɓarna ya fi mini sauƙin tsarewa a kan wanda ke ɓoye. Ya ce ta yaya na san bai yi ba? Gaskiya rantsuwarsa kawai nake da ita, da kuma cewa shi ya kawo kansa babu wanda ya kama shi. Maigidana ya yanke hukunci cewa yaron kada ya sake wuce ƙofar gidansa. Ban yi musu ba. Raina a ɓace yake, amma wani sashe na zuciyata ya ji daɗin hukuncin.

Saura Yaya, kuma hutu na ta ƙarewa. Iyaye sun fara ɗinka wa yara yunifom. 'Yata ta bugo tana tambaya ƙarfe nawa kawu zai riƙa zuwa.

Na je Ɗan Iya na sami Yaya a zaure. Na yi niyyar in bi da shi a hankali, don hawan jini gare shi. Na ce yaron nan yana da larura, likita ya ce kada ya ɗauki yara. Yaya ya gyara zama ya ce shi da ma ya yi zargin shafar aljanu ce, yadda yaron ke gudun mutane. Akwai wani malami a bayan gari, in aka kai shi yanzu, kafin a koma makaranta ya warware ya kama aikinsa. Na ce ba aljanu ba ne, abu ne da ya shafi sha'awa. Sai fuskarsa ta saki, har da 'yar dariya. Ya ce ai wannan mai sauƙi ne, gwauranci ne, a nema masa mata kawai. Na ce likita ya ce aure ba maganin wannan ba ne, kuma ni ba za a haɗa baki da ni a kai 'yar mutane inda ba ta san abin da ke ciki ba. Ya ce to in cuta ce ta asibiti, ba sai ya sha maganinsa da safe ya hau kekensa ba? Direbobi nawa ke shan maganin hawan jini suna tuƙi?

A nan na gane inda lallashi ke kai ni. Duk sunan da na ba abin mai taushi, Yaya sai ya nemo masa magani mai sauri, kuma ƙarshen kowace magana yaran nan suna cikin keken. Na rasa yadda zan yi. Ashe yaron na tsaye a bayan ƙofar zauren yana ji. Ya shigo ya durƙusa ya faɗa wa ubansa da bakinsa, da kalmomin da ya faɗa mini, bai rage ko ɗaya ba.

Ban taɓa ganin yayana haka ba. Ya miƙe, hularsa ta faɗi bai ɗauka ba. Duk sunayen nan da na haɗiye a kicin ɗina, shi ya furta su, har da waɗanda ban san ya iya ba. Ya ce ya fita ya bar masa gida, ya bar garin ma baki ɗaya, kada ya sake jin ko labarinsa.

Na ce, "Ya tafi ina, Yaya? Ya je garin da ba wanda ya san shi, ya kama ɗaki a gidan haya mai cike da 'ya'yan mutane, babu likita, babu mai sa masa ido? Ka kore shi ne don ka tsare yara, ko don kada ka riƙa ganinsa?"

Ya zauna. Da ya buɗe baki, ba maganar ɗansa ya yi ba, maganar maƙwabta ya yi. Me zai ce musu? In ya faɗi gaskiya, samarin unguwa ba za su tsaya jin wani bambanci tsakanin wanda ya ji da wanda ya aikata ba, kafin Magariba sun kashe shi, kuma ƙannensa mata babu mai sake tambayar aurensu. In ya yi shiru kuma, ranar Litinin da za a koma makaranta mutane za su turo 'ya'yansu ƙofar gidansa da jakunkuna. Shi da bai taɓa yin magana ya janye ba a unguwar nan. Sai ya kawo shawara, muryarsa ƙasa-ƙasa. Wai a bar shi ya ɗauke su zango ɗaya kawai, don a fita kunyar mutane, in ya so daga baya a ce keken ya lalace.

Kai, ranar na manta yayana ne. Na ce masa kunyar maƙwabta ta fi masa 'ya'yan maƙwabta? Na ce mutanen nan sun ba shi yaransu ne don sun yarda da shi, shi kuma zai saka musu da caca da yaran don kada a ce Alhaji ya saɓa alkawari. Na ce cikin yaran akwai jikokina, kuma in keken nan ya ɗauki yaro ko ɗaya, ni zan bi gida-gida in faɗa, abin da zai faru ya faru. Yaya ya ce in fita masa daga zaure. Na fita, amma sai da na ƙarasa maganata daga bakin ƙofa. Yaron yana durƙushe inda yake, babu wanda ya tambaye shi ra'ayinsa a cikinmu.

Na koma gida ban san abin da zai faru ranar Litinin ba. Na yi nufin abin da na faɗa, kuma na san in na aikata, wataƙila ni ce sanadin mutuwar ɗan da na yi wa wankan farko.

Ranar Asabar da hantsi 'yata ta bugo waya, ranta a ɓace. Ta ce, "Mama, kin ga abin da ɗan'uwan nan namu ya yi wa sabon keke?" Na ce me ya yi. Ta ce tun da sassafe ya kai shi wurin masu walda, sun kwance kujerar baya gaba ɗaya, sun shimfiɗa ƙarfe a wurin, sun yi masa shinge kamar na ɗaukar kaya. Kujerar ma ya bar wa mai waldar, ko ledarta ba a ɓare ba. Ta ce yanzu ina yara za su zauna, a kan ƙarfe?

Na ce, "Ba za su zauna ba." Na zauna a bakin gado.

Shi ke nan, maganar ta mutu ba tare da Yaya ya janye alkawari ko ya yi ƙarya ba. Duk wanda ya zo ya ga keke babu kujera, sai ya yi tsaki ya tafi neman wani. Unguwa ta samu abin faɗa. Wai ɗan boko ya zama ɗan dako. Wai ya wulaƙanta ubansa, ya ɓata sabon abu. Wata maƙwabciya ta tare ni a gidan suna ta ce ita tun da ta san yaron nan ba ya son yara, ko wasa ba ya yi da su, mugun hali ne kawai. Na ce mata haka ne, Hajiya, Allah ya shirya. Shi kuwa ya koma Kasuwar Muda Lawal yana ɗaukar buhunan masara da shinkafa daga manyan motoci zuwa shaguna. Aikin ya fi wahala, ya kuma fi ƙaranta samu. Ya yi baƙi, ya rame, tafin hannunsa ya yi kanta.

'Yata kam na faɗa mata gaskiya, bayan na sanar da shi zan faɗa. Uwa ce, kuma 'ya'yanta na shiga gidan. Ta yi kuka, ta yi amai, ta kira yaranta ta yi musu tambayoyi cikin dabara kamar yadda na koya mata. Ba ta sami komai ba. Duk da haka ta daɗe ba ta amsa gaisuwarsa, kuma ban ce mata ta amsa ba. Yaya bai kore shi ba, amma ya mayar da shi shagon ƙofar gida mai ƙofa ta waje, ya kuma daina cin abinci kwano ɗaya da shi. Ranar zuwa asibiti ni nake bugo masa waya da safe, in bai ɗauka ba in sake bugawa har sai ya ɗauka.

Har yau ba mu daidaita a kan suna ba. Yaya in dole ta sa ya ambata, sai ya ce larurar yaron nan, ya kawar da kai. Likita na nan a kan kalmarsa ta Turanci. Maigidana bai sauka daga matsayinsa ba, yana cewa shi ba zai kira shi ciwo ba ko za a yanka shi. Amma in zai sayi masarar shekara, yaron yake kira ya kawo daga Muda Lawal. Yaron ya sauke buhunan a bakin get, maigidana ya fita su gaisa a waje, ya tambaye shi ko yana zuwa wurin likitan. Ni kuwa na daina neman sunan. In na ji ana gardamar a rediyo, wannan na cewa cuta, wancan na cewa iskanci, sai in ji kowannensu ya faɗi wani abu da na yarda da shi, kuma babu wanda ya zauna a kicin ɗina ranar Alhamis ɗin nan.

Da Babbar Sallah da ta biyo baya muka taru a gidan Yaya kamar yadda muka saba. Ana ta suya a tsakar gida, ni ina zaure ina raba nama a leda. Keken na ajiye a ƙofar gida, yaron yana tsaye a gefensa yana goge jinin ragon da ya ɗauko wa wani. Sai ƙaramar jikata, da sabon lallenta da takalmi mai ƙara, ta kufce daga hannun uwarta ta ruga waje. Ta kama ƙarfen keken tana ƙoƙarin hawa tana cewa, "Kawu, zaga da ni! Kawu, zaga da ni!"

Ban san lokacin da na kira sunanta ba. Na daka mata tsawar da ban taɓa yi wa yaro ba, har masu suya suka tsaya, har mutanen da ke wucewa a layi suka juyo. Yarinyar ta saki ƙarfen ta dawo da gudu tana kuka ta faɗa jikin uwarta. Da na ɗaga kai, shi ya riga ya ja da baya har ya jingina da bangon gidan da ke kallonmu, tsumman a ƙasa, hannayensa biyu a bayansa. Wata baƙuwa ta ce, "Haba Hajiya, ranar Sallah? Kawunta ne fa."

Da yamma da zan tafi, shi ya ɗauko mini kular nama zuwa bakin titi inda zan sami abin hawa. Abin ya tsaya mini a rai, don mutumin nan kusan shekara guda yana bin duk abin da aka gindaya masa, ni kuma na tozarta shi a gaban layi guda. Na fara cewa, "Ɗazu da na yi tsawar nan..."

Ya tare ni. Ya ce, "Gwaggo, don Allah kada ki ba ni haƙuri. Ko na tsufa ina zuwa asibitin nan, ko likita ya ce miki na fi kowa lafiya, in kin ga yaro ya nufo ni ki yi tsawar nan. Kada ki daina."

Na ce masa ba zan daina ba. Ya tsayar mini da wani keke, ya sa kular a ƙafata, ya gaya wa direban Gwallameji. Muna tafiya na juya na hango shi yana komawa, ya tsallaka ɗaya gefen titin saboda wasu yara da ke tahowa da kayan Sallah. Na rufe fuskata da mayafi, direban ya tambaya ko lafiya, na ce masa hayaƙin suya ne ya shiga mini ido.